Kwamfutar Yaya

A gidanmu na unguwar Ƙurban a Madina akwai gardama guda da Baba da Yaya ba su taɓa gamawa ba, kuma a kan kwamfuta ce. Baba ne ya sayo ta a haraj, wato kasuwar gwanjo, a farkon shekarun casa'in, ya shigo da ita a hammata, naɗe cikin tsohon bargo kamar an ɗauko jariri daga asibiti. Ba irin ta yanzu ba ce. Faifai ne mai kauri cike da madannai, a jona shi da talabijin, a jona shi da rakoda, shi ke nan an gama. A goshinta an rubuta sunanta da manyan baƙaƙen Larabci, kuma kowane madanni na ɗauke da harafi biyu, na boko da na Larabci.

Baba direba ne, shi ke kai alhazai ziyara Ƙuba da Ƙiblatain da Uhudu, kuma duk abin da ya sayo sai ya yi mana huɗuba a kansa. Ya shafa sunan nan da ɗan yatsa ya ce, "Kun gani ko? Kullum a ce Turawa, a ce Turawa. To ga ta Larabawa, da hannunsu suka ƙera."

Yaya, wanda lokacin yana sakandare ni kuma ina firamare, ya karɓe ta. Kifa ta ya yi, ya kai idonsa kusa da wata 'yar takarda da aka manna a ƙasanta, sannan ya ce, "A Japan aka ƙera ta, Baba." Da Larabci ya faɗa, domin Yaya ba ya magana da Hausa, ni ce nake mayar muku da maganarsa.

Baba ya ce, "Kai dai ba ka iya ganin abin arziki ka yi shiru."

Ai kuwa Yaya bai yi shiru ba. Ya bi ya aro mujallu a wurin abokansa, ya dawo da bayani kaya guda. Ya ce wasu kamfanonin Japan da na Koriya ne suka yi yarjejeniya su riƙa ƙera kwamfutocin gida a kan tsari ɗaya, yadda abin da aka rubuta a wannan zai yi aiki a waccan. Shi kuma kamfanin Larabawan ya je ya ƙulla da su, su ƙera masa jikin, shi ya zuba mata Larabci a ciki, ya sa sunansa a goshi. Ya ce tamu ma masu ƙera kayan kiɗa ne suka yi ta.

"To ai ka faɗa da bakinka," in ji Baba. "Wa ya zuba Larabcin?"

"Wa ya ƙera ƙarfen?"

"Motata ma ba ni na ƙera ta ba, amma in ta yi laifi sunana ɗan sanda yake nema. Ta mai suna ce."

Inna tana tsince shinkafa ta ce, "Ta wanda ke share mata ƙura ce, kuma na san ni ce." Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, a kan tabarmar cin abinci, a mota, har ranar salla.

Yanzu bari in gaya muku dalilin da Yaya ba ya Hausa. Kakannin Baba ne suka zo hajji a ƙafa suka zauna, shi a Madina aka haife shi, Hausarsa rabi Larabci ce. Inna kuwa daga Damagaram aka kawo ta tana amarya, kuma ta rantse 'ya'yanta ba za su gaishe ta da harshen da take cefane da shi ba. Ni na bi ta, bakina ya kama. Yaya ma yana yi da yana ƙarami, har ranar da wasu alhazai 'yan'uwan Inna suka sauka gidanmu, ya durƙusa ya gaishe su, wata mata a cikinsu ta fashe da dariya har da riƙe ciki, ta ce a sake sa shi ya faɗa, wai harshensa kamar na mai tauna dabino. Wallahi har yau ban yafe wa matar nan ba. Daga ranar Yaya ya kulle bakinsa. Yana jin komai, ko gulma aka yi a ɗaki ya ji, amma in Inna ta yi masa magana sai ya ce "ɗayyib ya ummi," wato "to, Inna," ya wuce. Abin yana ci mata rai ƙwarai. Na sha jin ta tana cewa, "Na haifi ɗa, ko ina kwana ba ya iya ce mini."

Wata safiya ya kamo hannunta ya zaunar da ita gaban talabijin. Ya yi kwanaki yana danne-danne bayan makaranta, ina gefensa ina miƙa masa littafin koyarwar da ya zo da kwamfutar, yana kora ta ina dawowa. Ya sa kaset a rakoda, muka ɗan jira, sai talabijin ta yi shuɗi, manyan baƙaƙen Larabci farare suka fito. Inna ba ta yi boko ba amma ta yi allo, tana karanta ajami sarai. Ta matsa kusa tana haɗa baƙin, sai muka ji ta ce a hankali, "Inna, ina kwana."

Ta juyo ta dube shi. Ya sunkuyar da kai, ya nuna mata dogon madannin nan na ƙasa, ya ce in ta amsa sai ta danna.

"Lafiya lau," in ji Inna. Ta danna. Rubutu ya sake: "Kin tashi lafiya?" Ta amsa ta danna. "Ina gajiya?" Ta ce ba gajiya. Sai na huɗu ya fito, "Akwai shayi?" Nan ta yi dariya har da hawaye, ta kai masa duka a kafaɗa ta ce, "Ja'iri, ashe cikinka ne ya aiko ka." Ta danna, na ƙarshe ya fito: "Sai na dawo." Ta ce, "A dawo lafiya, Allah ya tsare hanya." Da ta danna sai rubutun ya goge, kwamfutar ta yi wani ɗan kiɗa, Yaya ya ɗauki jakarsa ya fice a guje don kunya.

Wannan ita ce Hausar Yaya gaba ɗayanta, layi biyar. Amma kusan kullum kafin ya tafi makaranta sai ya kunna mata, ita kuma ta goge hannu a zane ta zo ta zauna kamar ta yi baƙo. Maƙwabta mata har zuwa kallo suke. Kwamfutar ba ta riƙe komai in an kashe ta, don haka gaisuwar a kaset take, irin kaset ɗin wa'azi da waƙa na yau da kullum. In wayar rakoda tana jone da kwamfuta ba a jin sautin komai. In kuwa aka zare wayar aka kunna kaset ɗin haka kawai, wani ƙugi ne ke fita mai tsaga kunne. Ni da Yaya kaɗai muka san haka, don ya sha tsorata ni da shi.

Shekaru suka tafi. Kwamfutoci masu allonsu suka shigo, abokan Yaya suka koma can, tamu ta zama tsohon yayi, sai jefi-jefi yake kunna wa Inna in yana son ya zolaye ta. Aka yi mini aure na koma unguwar Khalidiyya, na soma koyarwa a makarantar 'yan mata. Yaya ya gama karatunsa ya sami aiki a Yanbu, bakin teku. Inna ba ta so ba ko kaɗan. Ta ce mutum yana maƙwabtaka da Manzo, me zai je nema wajen kifi? Ya lallashe ta ya ce duk ƙarshen mako zai riƙa zuwa. Ranar da ya tafi kama aiki ba na gidan. Motar da ya shiga ba ta isa Yanbu ba.

Har yanzu ba zan iya ba da labarin kwanakin nan ba. An yi masa salla a Harami, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a, mutane suka yi ta ce mana ya yi dace, kuma gaskiya ne, amma Inna ta yi makonni ba ta haɗa kalma uku. A lokacin 'yan'uwanta na ƙauyen Damagaram ba su da waya. Al'adarmu ita ce a ɗauki magana a kaset a ba alhazai masu komawa su kai, su ma in sun tashi su aiko da nasu, a zauna a tsakar gida ana jin murya ana amsa mata kamar mai ita yana nan. Inna ta kasa, Baba ne ya shiga ɗaki shi kaɗai da rakoda, ya ɗauki saƙon rasuwar, aka kai wa yayanta. Kwamfutar kuwa Inna ta share ta, ta naɗe a bargonta, aka ɗora a kan kabad. Ba wanda ya ƙara ambatonta, gardama ta mutu.

Bayan shekarar dubu biyu da 'yan kai ciwon suga ya sauko wa Inna a ido. Na dama ya tafi, likita ya ce na hagu yana bin sa, kuma ba da jimawa ba. Ran nan ina tsefe mata kai sai ta ce, "Ki sauko mini da abin yaron nan. Ina so in ga gaisuwata tun ina gani."

Na hau kujera na sauko da ita, na jona. 'Yar fitilarta ta yi ƙyal, sai wani wari na ƙonanniyar roba ya tashi, ta mutu. Inna ta ce, "Mene ne ke ƙauri?" Na ce ba komai, 'yar gyara ce, gobe-jibi za a yi. Da na san abin da ke gabana da ban yi saurin baki ba.

Baba ya riga ya ajiye aikin alhazai amma yana nan da tsohuwar motarsa, shi ya zama direbana. Ya kai ni wajen wani Bakano mai gyaran rediyo da talabijin a wani ɗan shago a Ƙiblatain, shagon na kafilinsa ne, wato Balaraben da ya tsaya masa, shi yana aiki a ciki. Mutum ne mai surutu, kafin ya kwance kusa ɗaya ya ba mu labarin unguwarsu kaf. Ya buɗe ta, ya shinshina, ya ce abin da ke rarraba wuta ne ya ƙone, kuma ba a sayar da irinsa yanzu. "Amma abu mai sauƙi ne, Hajiya. Ku samo wata mai wannan sunan, ko matacciya ce, in ciro nata in sa mata."

Muka shiga haraj ran Alhamis bayan la'asar, ni da abayata cikin tarin matattun fankoki da dutsen guga, Baba yana gaba yana nuna wa mutane sunan da ya rubuta a tafin hannunsa. Wasu su ce ba su taɓa ji ba. Wasu su yi dariya su ce ai jikokinta ma sun tsufa. Wani ya tsaya yana ba mu labarin wasan da yake yi da ita yana yaro, na ce masa, "Bawan Allah, akwai ko babu?" Baba ya ce in riƙa sassauta harshe, na ce idon Inna ba ya jiran labari. Mun yi zuwa da yawa kafin mu dace da wata a ƙarƙashin tulin wayoyi, sunan nan ɓaro-ɓaro a goshinta. Baba har da hamdala da ƙarfi.

Mai gyara ya buɗe ta ya ajiye kusa da ta Yaya. Surutunsa ya ɗauke. Ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya sosa ƙeya ya ce, "Alhaji, suna ɗaya ne, amma ba uwa ɗaya ta haife su ba. Wannan wata masana'anta ce daban ta yi ta. Dubi, ko ramin kusoshin bai zo ɗaya ba."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Malam! Ba kai ka ce mai wannan sunan ba?"

Ya ce, "Ni na faɗa, Hajiya, kuma na yi kuskure. Na ɗauka duk abin da ke da suna ɗaya cikinsa ɗaya ne."

Baba ya ce to a nemi kamfanin mai sunan mana, ai suna da ofis. Mai gyara ya ce yadda ya ji, sun bar wannan harka tuntuni, kuma ko a da can ba su ke ƙera jikin ba, yau su ba wannan masana'anta, gobe su ba waccan. Su kuma waɗanda suka ƙera, ba sunansu a kai, in ka kai musu ita ba lalle su san ta ba. Ya ce mu daina bin suna, mu kalli fuskarta da kyau, inda madannai suke, inda ramukan waya suke, mu nemo mai kama da ita ko da wane suna ne a goshinta.

A mota Baba bai tayar da inji da wuri ba. Ya riƙe sitiyari yana kallon gabansa, can ya ce, "Yaron nan ya faɗa." Tun rasuwar ban ji ya kawo zancen Yaya da kansa ba sai ranar. Na juya ina kallon taga don kada ya ga fuskata.

A gida kuwa Inna ta soma laluben bango in za ta shiga kicin. Kullum na zo sai ta tambaya, "An gyara?" In ce saura kaɗan. Ta daina zura zare a allura, ta daina tsince shinkafa, Alƙur'aninta mai manyan baƙaƙe sai ta kai shi har hancinta. Ni kuma haushin kowa nake ji, har ɗalibaina sun gane, mijina ma ya koyi yin shiru.

Baba ya bar sallahu wurin wani ɗan Nijar mai tara tsofaffin ƙarafa a haraj, ya zana masa siffarta a kwali. Shi ne ya samo mana ita daga baya, wai a cikin kayan wani da ya taɓa zama a ƙasar waje. Da na gan ta sai na yi salati, don ta Yaya ce sak, launi da tsawo da komai, sai dai sunan goshinta na boko ne, na kamfanin Japan ɗin, kuma ba harafin Larabci ko ɗaya a madannanta. Baba ya riƙe ta nesa da jikinsa yana harararta. Mai gyara kuwa yana buɗewa ya yi tafi ya ce, "Yauwa! Wannan ce 'yar'uwarta ta jini." Ya ciro abin wutar ya dasa wa ta Yaya, ya jona da wata talabijin a shagon. Allo ya yi shuɗi, sunan nan na Larabci ya taso a tsakiya kamar jiya aka kashe ta.

Baba ya daɗe yana kallo. Sai ya nuna baƙuwar da aka farke ya ce, "Ita wannan, da lafiyarta ƙalau, za ta iya rubuta Larabci?"

Mai gyara ya ce, "Ko alif, Alhaji. Larabcin ai na masu sunan ne."

"To ka ji," in ji Baba, ya juya gefensa da murmushi, ya ɗaga yatsa. Ba kowa a gefen nasa. Ya sauke hannun a hankali ya sa a aljihu.

Saura kaset. Na san gidan kaset ɗin, Yaya ya rubuta sunansa ya zana kofin shayi a bayan takardarsa, yana nan a cikin bargon. Na buɗe, wayam. Na zazzage bargon, na hau kabad, na juye akwatin kaset-kaset na Baba, na bi su ɗaya bayan ɗaya a rakoda, wa'azi ne da muryoyin mutanen Damagaram, rabinsu sun mutu. Na sami Baba a ƙofar gida yana goge gilashin mota na ce, "Baba, ka ga wani kaset a cikin wannan gidan? In aka kunna shi ƙugi kawai yake yi."

Hannunsa ya tsaya a kan gilashin. Ya ce, "Mai ƙugi?"

Na ce e.

Ya ce, "Ranar da zan aika saƙon rasuwa ban sami sabon kaset a gida ba, kuma alhazan suna shirin tashi. Na ga wannan a cikin rakoda. Na kunna in ji ko da magana a kai, na ji ƙara kawai, na ce lalatacce ne, bari in gwada ko zai ɗauka." Ya dubi tsumman da ke hannunsa. "Ya ɗauka."

Wayyo Allah. Na buɗe baki, kuma kun san bakina, amma da na ga yadda tsohon nan ya zauna a kan dakali da tsumma a hannu, sai na kasa. Shi ya sayo kwamfutar, shi ya yi wata da watanni yana yawo da ni a rana. Ko an je Damagaram an tono kaset ɗin, muryarsa ce a kai tana cewa ɗansa ya rasu. Ya ce, "Kada ki gaya mata." Na ce ba zan gaya mata ba.

Na tafi da kwamfutar gidana. Littafin koyarwar yana nan, kuma ba a banza na zauna gefen Yaya yana kora ta ba. In na dawo daga makaranta sai in baje a falo, in rubuta, ta ƙi, in zage ta, in sake. Na yi fama kafin baƙaƙen su fito manya yadda idon Inna zai kama. Ɗan kiɗan ƙarshe ya gagare ni, na bar shi. Layukan kuwa na haddace su kamar sunana. Na sa ina kwana, na sa kin tashi lafiya, na sa ina gajiya, na sa akwai shayi. Da na zo na biyar sai yatsuna suka ƙi. Ta yaya zan sa ɗan da ya tafi bai dawo ba ya ce wa uwarsa sai na dawo? Na ce wannan ai fama mata ciwo ne. Na tsaya a shayi, inda take dariya, na ce bayan shi allo ya goge kawai. Na ɗauka a sabon kaset, na sa a gidan nan mai zanen kofi.

Baba ya dubi kaset ɗin ya ce, "Wannan ba ƙarya ba ce kuwa?"

Na ce, "Sunansa ne a kai. Ba kai ka ce ta mai suna ce ba?" Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Da safe muka kunna mata, bayan an sauke shayi, lokacin da ya saba. Na jawo mata kujera har gaban talabijin, ta karkata kai ta kawo idon hagu kusa da gilashin. Baba ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi shigowa. Allo ya yi shuɗi, baƙaƙe suka fito. Ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Lafiya lau, ɗan nan," in ji ta. Hannunta ya sami dogon madannin ba tare da na nuna mata ba. "Lafiya ƙalau na tashi." Ta danna. "Ba gajiya." Ta danna. Da ta karanta na shayi ta yi 'yar dariya ta ce, "Akwai, ja'iri, akwai." Ta gyara zama, ta ja dogon numfashi, ta danna.

Allo ya goge. Ta jira. Ta sake dannawa. Ta ƙara matsawa har goshinta ya taɓa gilashin, ta ce, "Idona ne, ko ba komai?"

Na ce, "Ba komai, Inna. Iyakarsa ke nan."

"Ina sauran?"

Na sunkuyar da kai. Ta juyo da fuskarta wajena ta ce, "Wa ya yi wannan?" Na dubi Baba, ya kau da kai. Ta ce, "Ɗana ba ya fita bai yi sallama ba. Ke ce ko?"

Na durƙusa a gabanta na ce ni ce, kaset ɗin ya lalace, na sake rubutawa, na ƙarshen kuma na cire don kada ya tayar mata da hankali. Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta lalubo kaina ta dafa ta ce, "Ke yarinyar nan. Ai shi nake nema."

Sannan ta gaya mana abin da ko Baba bai sani ba. Ranar da Yaya zai tafi Yanbu, ya kunna mata, bayan ya daɗe bai yi ba, don ya ga tana fushi. Ta zauna ta amsa masa duka har shayi. Da na ƙarshe ya fito sai ta ƙi. Ta ce a ranta ba za ta sa wa tafiyar da ba ta so albarka ba, bari ya ji haushi ko ya fasa. Ta tashi ta shige kicin. Ta ji shi yana dariya a tsakar gida, ya ce "ɗayyib ya ummi," ta ji ƙarar ƙofa. Da ta fito rubutun yana nan a talabijin yana jiranta, ta kashe da hannunta. Ta ce, "Duk shekarun nan yaron nan yana tsaye da jakarsa, ban sallame shi ba."

Na jawo kwamfutar gabana. Hawaye ya hana ni ganin madannan, na yi ta kuskure ina gogewa, ita kuwa tana zaune ta harɗe hannu, ba ta gaggauta ni ba. Na ƙara layin, na mayar da gaisuwar farko. Ta sake amsa su duka, ba ta tsallake ko ɗaya ba, har shayi. Ta danna, ya fito fari a kan shuɗi, ta bi shi da yatsa tun daga farkon baƙi har ƙarshe, sannan ta shimfiɗa tafin hannunta a kan gilashin.

"A dawo lafiya," in ji Inna. "Allah ya tsare hanya."

Daga bakin ƙofa Baba ya ce amin. Ɗaya hannun nata yana kan dogon madannin, amma ba ta danna ba, don ta san in ta danna rubutun zai goge. Ta ce a bar shi haka. Muka zauna mu uku, shayin ya huce ba wanda ya taɓa shi.